Alamar mainos a firikwensi ba kuskure ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wani ɗan maƙwabcina da ke karatun injiniyan lantarki ya zo min da littafinsa ran Asabar, an ba su aiki kan lissafin Fourier, wato hanyar rarraba sigina zuwa firikwensin da ke cikinta, ya zana sigina mai firikwensi 50, wato mai maimaituwa sau 50 a daƙiƙa, irin na wutar gidajenmu sai ga layi biyu sun fito, ɗaya a +50 ɗaya a −50, da ya tambaya a aji wai sai aka ce masa ya manta da na hagun, wato na −50, lissafi ne kawai babu shi a zahiri. Wallahi amsar nan ta dame ni, don da irinta ake sa yara su haddace abu ba su gane shi ba.

Gaskiya ne abu ba zai maimaitu sau mainos hamsin a daƙiƙa ba. Amma ai firikwensi ba ƙidaya kaɗai ba ce, juyi ne, shi kuma juyi gefe biyu gare shi. Ko ka bi hannun agogo ko ka saɓa masa kamar yadda ake ɗawafi. Masu lissafi sun ba wanda ya saɓa wa agogo fulos, ɗayan suka ba shi mainos, shikenan fa.

To me ya sa biyun suke fitowa tare? Na ɗauko tayar keke na ɗaura mata jan ƙyalle na ce ya duƙa ya kalle ta ta gefe, yadda ba zai ga da'irar ba sai ƙyallen yana hawa yana sauka. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na ce wanne ne wanne, ya kasa faɗa. Haka siginar wayar wuta ɗaya take, hawa da sauka kawai kake gani. Dabarar masanin lissafi Euler da aka buga a 1748 ita ta nuna cewa wannan hawa da saukar daidai yake da juyi biyu masu saɓa wa juna, kowanne da rabin ƙarfi, idan ka haɗa su motsin gefe ya kashe juna sai na sama da ƙasa ya rage. Ka ga kenan in ka share na hagun rabin siginar ka zubar.

Kuma duk wanda ya taɓa haɗa injin niƙa mai tiri-fes, wato mai wayoyin wuta uku, ya san zancen nan ko da bai san sunansa ba, ka musanya waya biyu cikin ukun sai moto ya koma juyin baya alhali wutar ba ta canza daga 50 ba. Ko bidiyon waya, in kyamara tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa tayar kuma tana juyi 29, za ka ga ƙyallen yana komawa baya sau ɗaya a daƙiƙa, 29 a cire 30 saura −1.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na asibiti. Sikanin ɗin Doppler da ake duba gudun jini da shi, sautin da ya dawo daga jinin da ke tahowa wajen na'urar firikwensinsa yana ƙaruwa, na wanda ke tafiya yana raguwa, na'urar ta cire nata na asali sai saura fulos ko mainos, shi ne ja da shuɗin da ake gani a allo. Likita da wannan alamar yake sanin ko jini na komawa baya ta bawul ɗin zuciya. Ta yaya za a ce wa ɗalibi abin nan babu shi?

Roƙona Malam Edita, a ba mu ɗan fili ko sau ɗaya ne a wata a riƙa bayanin irin waɗannan da Hausa, a sa zane. Malamanmu kuma don Allah ranar da za a fara Fourier a shigo aji da tayar keke.

Wassalam.

Naku, mai karatun jaridarku daga Zariya.