Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna Kan Kwalejin Barewa

Mai Girma Gwamna, Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, gidan gwamnatin da kake aiki a ciki sunan Sir Kashim Ibrahim aka sa masa. Kafin ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, malamin makaranta ne a Barno, kuma a Kwalejin Katsina ya koyi aikin. Wannan kwalejin ita ce Barewa ta Zariya, wadda yau amanarta take wuyanka, kuma a kanta nake so ka ba ni aron kunnenka.

An kafa ta a Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasa ne, yana nan har gobe a cikin birnin Katsina. A 1938 ta tashi zuwa Kaduna, a 1949 ta sauka Zariya, a 1971 kuma aka raɗa mata sunan da muka san ta da shi. Ba don Allah Turawa suka gina ta ba. Malamai suke bukata da za su riƙe makarantun larduna ba tare da an ɗauko su daga Kudu ba, saboda haka yara kaɗan suke ɗiba, maza zalla. Wannan ƙarancin yana cikin abin da ya bar Arewa a baya, bai kamata son makarantar ya hana mu faɗa ba.

Duk taron da aka ambaci Barewa, sai a shiga lissafi: Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari, Umaru Musa 'Yar'aduwa. A yi tafi, a watse. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne aikin da yawancinsu suka fara yi da suka fito. Sardauna ya gama a 1931, ya koma Sakkwato ya ɗauki alli a makarantar midil. Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Bauchi ya yi haka. A Bauchin ne kuma Malam Aminu Kano ya koyar bayan ya fito daga Kaduna. Shagari kimiyya ya koyar a Sakkwato. Shi ma 'Yar'aduwa, da ya zo daga baya, ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya da Katsina kafin siyasa ta ja shi. Makarantar da aka kafa don horar da malamai ce ta haifi shugabannin nan, a zamanin da yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a lardinsu aji ake tura shi, ba ofis ba.

Dubi ma sunayen gidajen kwanan ɗalibai. Akwai na gwamnoni, Lugard da Clifford, amma ga Bello Kagara, ga Nagwamatse, ga Ɗan Hausa (Baturen nan Hanns Vischer), mutanen da koyarwa ce ta ɗaga sunansu. Yaro zai yi shekara shida yana kwana yana tashi da sunan malami a bakinsa, yana gudu a filin wasa don kare martabar wannan suna.

Abu na biyu da ya yi Barewa shi ne cuɗanya. Bakano da Babarbare da Banufe da ɗan Filato kwano ɗaya, ɗaki ɗaya, horo ɗaya. Yakubu Gowon, Kirista ɗan Wusasa, da Murtala ɗan birnin Kano, duk a nan suka tashi. Da aka tsaga Arewa jiha-jiha tun daga 1967, kowace gwamnati ta mai da hankali kan 'ya'yanta, makarantar da aka gina don Arewa baki ɗaya ta koma cin kasafin jiha ɗaya. Jihar da ta sha rikicin addini da ƙabilanci kamar tamu kuwa, ita ta fi kowa bukatar wurin da yaron Kafanchan da na Soba za su yi rabon barguna tun suna 'yan shekara goma sha biyu.

Na san gyaran gini yana da daɗin nunawa. Ana shafa fenti, a sa kwano sabo, a yanka ƙyalle, 'yan jarida su ɗauki hoto. Tsofaffin ɗalibai na ƙungiyar BOBA ma sun daɗe suna sa hannu a aljihu don irin wannan, Allah ya saka musu. Amma su ba su da ikon ɗaukar malami, ba su da ikon yi masa ƙarin girma. Wannan naka ne kai kaɗai.

Roƙona shi ne a ɗauki Barewa a matsayin wurin gwaji. A zaɓo mata malamai ta hanyar jarrabawa mai tsauri, musamman na lissafi da kimiyya da Turanci, a ba su albashin da zai hana su neman acaɓa ko koyarwar yamma a makarantun kuɗi. A ba su gidaje a cikin harabar, domin makarantar kwana ba ta tarbiyya idan malamin gida yana barin ta da la'asar, a bar ƙananan yara a hannun manyan ɗalibai har gari ya waye. Sannan ka kai maganar gaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, kowace jiha cikin 19 ta sami gurabe tabbatattu, ta biya kuɗin 'ya'yanta, a yi zaɓen da cancanta, ba da takardar wani babba ba. Sakamakon WAEC da NECO kuma a riƙa fitar da shi fili kowace shekara, iyaye su gani da idonsu ko ana ci gaba.

Wani zai ce me ya sa Barewa kaɗai, ga Alhudahuda a Zariyar, ga makarantun 'yan mata, ga na ƙauyuka da ba su da wani tsohon ɗalibi mai faɗa a ji. Gaskiyarsa. Ni dai ina ganin a fara da inda idon jama'a yake, inda idan an yi ha'inci za a yi saurin ganewa, in tsarin ya zauna a yaɗa shi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

In ka sami sarari, ka shigo Zariya ba tare da jiniya ba, ka biyo ta titin Gaskiya da daddare lokacin karatun dare, ka zauna da malamai ba tare da jami'an ma'aikatar ilimi a wurin ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Zariya