Rahoton Kwamitin Zumunci na Kulob ɗin Mirgina Ƙwallo a Ciyawa: Kakar Bana

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum. Wannan rahoton kwamitin zumunci ne na kakar da aka rufe a ƙarshen Satumba, an rubuta shi domin membobinmu masu karanta Hausa da iyalansu a nan Ingila. Sakamakon gasa yana cikin rahoton kyaftin, lissafin kuɗi kuma yana hannun ma'aji. Namu ɓangaren shi ne shayi, karɓar baƙi, sababbin shiga da zaman hunturu.

An buɗe fili a ƙarshen Afrilu da wasan gizo-gizo kamar yadda aka saba: a ajiye jak, wato ƙaramar ƙwallon da ake auna kusantarta, a tsakiya, kowa ya tsaya a baki ya zagaye, a busa usur, a saki ƙwallo ɗai-ɗai lokaci guda, wanda tasa ta fi kusa ya ci. Kyautar da aka gada kwalbar giya ce. Bana an mayar da ita akwatin cakulan don kowa ya iya shiga, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Abin gyara shi ne a liƙa wa kowace ƙwallo sitika mai suna tun kafin a saki, domin idan suka cakuɗe a tsakiya gardama ce ke biyo baya.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne shayin wasan sada zumunci, don haka ga lissafin a rubuce. Filinmu an raba shi layi shida ne, kowane layi da nasa wasan. Idan an yi wasan mutum huɗu-huɗu, kowane layi mutum takwas, duka 48, ban da direba da masu rakiya. A kan yanka biyu ga kowa ana bukatar yankan burodi 96, wato burodi biyar na giram 800. A sayi shida. Kofi bibbiyu na shayi ya kai lita 20 na ruwa da madara kusan lita uku. Tukunyar lantarki idan an cika ta da ruwan sanyi takan ɗauki wajen awa guda kafin ta tafasa. Duk ranar da shayi ya makara bana, sanadin ɗaya ne: an jira an ga 'yan wasa sun nufo ɗaki kafin a kunna ta. Wasan zagaye 21 (zagaye ɗaya shi ne kowa ya gama sakin ƙwallayensa zuwa ɗaya ƙarshen layi) yakan kai awa uku, kuma ana tsayawa shayi bayan zagaye na goma, saboda haka a kunna tukunya da zarar an gama zagaye na uku.

Sanwic mai naman alade yana da nasa faranti da tasa wuƙa, a wani gefen tebur daban. Na ƙwai, kifin gwangwani da cuku su ne na kowa, kuma su ne ke fara ƙarewa, don haka an ƙara yawansu. Firji ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa, abin da ya yi awa huɗu a waje a zubar. Akwai kayan abinci 14 da hukumar kula da abinci ta ce a riƙa bayyanawa saboda masu rashin lafiyar da ba ta jituwa da su, cikinsu har da gyaɗa, riɗi, ƙwai da madara. Mai kawo kek ko cincin daga gida ya rubuta abin da ya zuba a ciki a 'yar takarda.

Takardar sa-kai da ake mannawa a allo ba ta yi aiki ba. Sunayen da ke kanta a Mayu su ne a Agusta, yawancinsu kuma dattawan mata ne waɗanda da ma su ya kamata a yi wa hidima. Daga baya aka koma tsarin karɓa-karɓa: a kowane wasan gida, layi ɗaya daga cikin 'yan wasanmu shi ke jera tebur da wanke-wanke, kyaftin ya rubuta lambar layin tare da sunayen da ya zaɓa. Wanda ba zai iya ba ya nemi madadinsa da kansa.

Zama ma da tsari. Kowane tebur yana ɗauke da lambar layi, mu huɗu baƙi huɗu. Idan aka bar mutane su zaɓi wuri, 'yan gida sukan dunƙule a kusurwa ɗaya su bar baƙi da kallon bango. Al'adar wasan ce ɗan gida ya fara yi wa abokin karawarsa tayin abin sha, shi ma ya rama. Wanda ba ya shan giya ya ce lemo, wanda ba ya son saya wa wani giya ya kawo masa shayi da kek da hannunsa. An bayyana wa kulob-kulob ɗin da muke karawa da su, sun fahimta. Ga masu salla, an share kusurwa a ɗakin canza kaya. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, don haka La'asar kafin wasan ƙarfe shida, Magariba bayan an tashi.

Batun sababbin shiga shi ne inda ba mu gamsu ba. Mun buɗe ƙofa a ƙarshen makon da hukumar wasan ta Ingila, Bowls England, ke warewa a Mayu don masu son gwadawa, mutane sun zo sun gwada, amma kaɗan ne suka kai Yuli. Dalilin ba wahalar wasa ba ne. A wasan motsa hannu na yamma tsofaffin abokai ne ke haɗa kansu tun a wurin ajiye mota, baƙo ya tsaya riƙe da jaka. Yanzu ƙuri'a ake yi: a zo minti 15 kafin lokaci, kowa ya zaro lamba daga jaka, inda ta kai shi nan zai yi wasa. Sabon shiga shi ke zama mai farawa, domin aikinsa a fili yake: ya shimfiɗa tabarma, ya mirgina jak ta wuce mita 23, ya saki ƙwallonsa. Kada a bari ya yi gaggawar sayen ƙwallo. Akwai na aro daga lamba 00 zuwa 5, ya gwada ya ga wadda ta zauna masa a tafi. Tarar da ake sawa a asusu idan mutum ya riƙe ƙwallo a juye (an ƙera ta ne ta riƙa lanƙwasa zuwa gefe ɗaya) ta karkace zuwa layin maƙwabta an ɗage ta ga duk wanda ke kakarsa ta farko. Idan ya motsa a bayan jak lokacin da wani ke shirin saki, ko inuwarsa ta faɗa kanta, jagoran layi ya gaya masa a hankali, ba da tsawa daga ɗaya ƙarshen fili ba.

A Agusta an je Victoria Park a Leamington Spa kallon wasannin ƙarshe na ƙasa, filin da aka yi wasan a gasar Commonwealth ta 2022. Daga yanzu, a irin wannan tafiya, sai an biya kuɗin kujera kafin a kama mota.

Hunturu shi ne lokacin da kulob ke watsewa. Bayan gayyar gyaran fili, wato karce matacciyar ciyawa, yafa iri da baza ƙasa mai yashi, za a koma wasan gajeriyar tabarma a ɗaki, mai tsawon ƙafa 45 da faɗin ƙafa shida, da katako a tsakiya don hana bugun ƙarfi. Akwai daren kacici-kacici sau ɗaya a wata, kuma za a ci gaba da zuwa gaida dattawan da ba sa iya fitowa. Mai mota da zai iya ɗauko wani ya sanar da sakatare.

Abu biyu za mu gabatar a babban taron shekara. Na farko, a sa karɓa-karɓar shayi cikin dokokin kulob. Na biyu, ƙuri'ar tikiti da ake yi bayan wasa: wasu membobi suna ganinta caca ce, ba sa saya, ga shi kuma da ita ake biyan kuɗin burodi da madara. Shawararmu a ajiye akwatin gudummawa kusa da tikitin, kowa ya sa inda ransa ya kwanta. Mai wata shawarar ya miƙa ta a rubuce ga sakatare kafin ranar taro.