Godiya ga ma'aikatan Cibiyar Tiyatar Zuciya ta Salam da ke Soba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni 'yar Mai Wurno ce da ke jihar Sinnar a ƙasar Sudan, na karanta likitanci a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani. Na daɗe ina son in gode muku a bainar jama'a. Kowa ya san tun 2007 da ƙungiyar EMERGENCY ta ƙasar Italiya ta buɗe wannan cibiya a kudancin Khartum ake yi wa mutane tiyatar zuciya kyauta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda kuke rainon ƙananan likitoci masu sha'awar bincike.

Kafin in zo gare ku na sha wuya. Burina shi ne in yi nazarin ciwon zuciyar nan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, domin na ga yadda yake cin yaranmu a ƙauyukan Sinnar. Inda na fara kai takarduna aka ce wa ya turo ni. Wani wurin aka ce wannan aikin masu nazarin ƙwayoyin cuta ne, na je can, suka ce ai zuciya ta likitocin zuciya ce. Akwai babban malamin da ya karɓe ni, na yi wata da watanni ina tattara masa bayanan marasa lafiya, da binciken ya fito ko a layin godiya babu sunana. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu haka ake yi masa, har na kusa haƙura.

A wurinku babu wanda ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Wata dattijuwar ma'aikaciya a sashen masu shan maganin tsinka jini ita ta fara riƙe hannuna. Ni hankalina yana kan na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya, sai ta ce, "'Yata, zauna nan tukuna ki ga abin da ke faruwa bayan an sallami mutum." Ta buɗe mini katin wata budurwa da aka sa wa bawul na ƙarfe, wato ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya. Sakamakon gwajin jininta na INR, mai auna tsinkewar jini, yau sama, gobe ƙasa. Ta ce in gaya mata dalili. Na kawo duk abin da littafi ya ce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kira yarinyar muka zauna. Ashe kuɗin mota ne ke hana ta zuwa gwaji, maganin wafarin mai tsinka jini kuma idan ya kusa ƙarewa sai ta riƙa tsallake kwanaki don ya kai ta. Ga shi an sa mata ranar aure, kuma wafarin na iya cutar da ɗan tayi, ita kuwa za ta sha shi ne iya rayuwarta.

Daga nan baiwar Allahn nan da ƙafarta ta zagaya da ni ɗakin gwaje-gwaje, da wajen mai harhaɗa magunguna, da wajen mai ƙididdiga, tana ce musu ga abokiyar aikinku. A wurinsu na ga cutar tun daga tushe. Ƙwayar sitireptokokas ta kama maƙogwaron yaro, ba a ba shi penisilin ba, garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa bawul ɗin zuciyarsa, bayan shekaru sai ga shi yana haki ko tsakar gida ya ƙetare. Likitan tiyata shi kaɗai ba zai iya bin wannan zaren ba. Mai ƙididdigar ya yi ta mayar mini da tsarin bincikena, ba tsawa ba wulaƙanci, sai da tambayata ta tsaya da ƙafarta. Lokacin fatur ma, wato karin kumallo, tare muke cin ful (dafaffen wake) da manyan likitoci, ƙarami ya yi tambaya a amsa masa. Tsafta da kiyaye lokaci kuwa ba sai na faɗa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan bai kamata ya zama abin mamaki ba. Tun 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kan wannan cuta, amma har yanzu za ka je ƙaramin asibiti ka tarar babu allurar penisilin da ake yi wa yaro duk bayan mako uku ko huɗu don kada ciwon ya dawo. Sassan jami'o'inmu kowa ya kulle ƙofarsa, manya suna ɓoye bayanai, matasa suna ficewa ƙasashen Larabawa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa sauran, ɗalibai da yawa bincikensu ya tsaya cak, marasa lafiya masu bawul na ƙarfe sun watsu ba gwaji ba magani.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya kare ku, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Ita kuma Hajiyar sashen tsinka jini, idan wannan wasiƙa ta iske ta, ina gaishe ta da kyau.

Taku,
wata ƙaramar likita daga Mai Wurno