Wasiƙa ga abokan cinikinmu: sai mun ga hanya kafin mu yanka kuɗin kai kaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu sayen bulo a wurinmu ko ba mu aikin zane da duba gini, muna gaishe ku da fatan iyali da kasuwa duk lafiya. Daga farkon watan gobe akwai sauyi a yadda muke aiki, kuma gara ku ji dalili daga bakinmu kafin ku gani a rasit.

Maganar kai kaya ce a gaba. Daga yanzu ba za mu yanka kuɗin mota ta waya ba, sai yaronmu ya je ya ga hanyar filin da idonsa. A da, idan mutum ya ce Sheka ko Rijiyar Zaki ko Rimin Kebe, mun san abin da za mu ce masa. Yanzu sunan unguwa ba ya wadatarwa. A unguwa ɗaya akwai filin da tifa za ta shiga har bakin harsashi ta juye yashi, akwai kuma wanda dole ta tsaya a titi, a nemo kurkura ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, inda kurkurar ta maƙale kuma baro ya ƙarasa. Duk ɗauka da saukewa lebura ne da za a biya, kuma duk sauka sai an samu bulon da ya guntule. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ɗan taƙin daga titi zuwa fili ya zama kuɗi na gaske. Ba adalci ba ne mai fili a bakin hanya ya riƙa biya wa na cikin lungu.

Ku da kanku kun san daga inda matsalar ta taso. Yawancin sababbin unguwannin da Kano ta faɗaɗa zuwa cikinsu, ta ɓangaren Kumbotso da Ungogo musamman, awon igiya ne. Mai gona ya yanka filaye, ya bar hanya 'yar siririya, don hanya ba ta kawo masa ko sisi. Masu saye kuma kowa ya ɗan ci nasa: wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje, na gaba ya manna shago. Lokacin da acaɓa ke kai mutum har ƙofar gida, ba a damu ba. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ta gaji aikin, sai aka ga lungunan da guda biyu ba sa iya giftawa. Ta bulo ma mai sauƙi ce. Ranar da za a nemi motar kashe gobara, ko mai naƙuda ta buƙaci mota da tsakar dare, ita ce abin tunani.

Lokacin fitar motocinmu shi ma zai sauya. Manyan za su riƙa tashi bayan sallar asuba, su sauke kafin fitar 'yan makaranta. Gadojin da aka yi, daga ta Ƙofar Nasarawa zuwa ta Dangi da ta Hotoro, sun sassauta mahaɗar tituna, babu musu, amma direbobinmu sun ce cunkoson bai mutu ba, gaba ya matsa, yana jira a inda gada ta sauka. Wanda aikinsa ke wajen Kwari, Singa ko Sabon Gari, ya yi haƙuri, ba ma shiga da rana tsaka. A sa mai gadi ko birkila ya kasance a wurin da sassafe.

Sai abin da ya fi nauyi, wanda mun san zai ɓata wa wasu rai. Ba za mu zana ko mu duba ginin da zai hau magudanar ruwa ko ya ci titi ba, kuma ba za mu kai masa bulo ba. Kowa ya tuna ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, yadda aka yi ta shanya atamfa da shadda, kuma abin da aka fi magana a kai a lokacin shi ne gine-ginen da suka tare hanyoyin ruwa. Kududdufan cikin gari, waɗanda kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan sama. An cike da yawansu da shara, an bi da jar ƙasa a sama, an sayar. Irin wannan fili yana da araha a hannun dillali, amma harsashinsa kaɗai zai iya cinye rarar da aka samu, kuma ruwan da aka kora gidan maƙwabci zai nufa.

Haka nan ƙarin bene a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa. Bayan benen da ya rushe a titin Beirut a watan Agustan 2022, bai kamata a ce sai an yi ta lallashin mutum a kan wannan ba. Idan kuna da niyyar ɗora bene ko nan da shekara goma ne, ku faɗa tun yanzu a yi lissafin rodi da ginshiƙai. Tun ran gini ran zane. Kuma idan an zuba dakin, wato kankaren saman gini, a bar katakon tokara ya yi kwanakinsa. Kankare sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, gaggawar biki ko ta ɗan haya ba ta rage wannan. Ginin da ke buƙatar izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, a nemo izinin, mu kuma za mu shirya zanen da za a gabatar.

Tun da muna maganar zane, ga abin da muke yawan jayayya da ku a kai. A ɗaga daɓen gida sama da hanya sosai. Unguwar da yau turɓaya ce, gobe za a zo a yi ciko a shimfiɗa kwalta, sai gida ya koma rami, ruwan titi ya riƙa sallama har falo. Bangon gabas kuma a ba shi filasta mai kyau, kada a cika masa tagogi, domin ta nan hadarinmu ke zuwa. Magina na da sun san haka, shi ya sa suke ba wa wannan bango kulawa ta daban. Wanda bai taɓa shiga Gidan Makama da rana a watan Afrilu ba, ya je ya ji sanyin kaurin bango da tsayin ɗaki. Ba cewa muke a koma tubali da azara ba. Amma fili mai ƙafa 50 da 50 da aka cika da ɗakuna har katanga, babu tsakar gida, babu tagar da ke kallon wata, murhu ne da zarar an ɗauke wutar lantarki. A bar tsakar gida ko ƙarama ce, kuma kada a malale ta duka da siminti, a bar inda ruwa zai nutse da inda za a dasa bishiya ɗaya.

Waɗanda suka riga suka biya kuɗin kaya, cinikinsu yana nan yadda aka yi shi, ba ƙarin komai. Zuwa duba hanya da fili kyauta ne a cikin ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birni, wajensu kuma kuɗin mai kawai za a bayar. Wanda ke shirin sayen fili, ya kira mu kafin ya ba dillali kafin alƙalami, idan da hali a je washegarin ruwan sama.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah ya sa albarka a gini, ya sa a shiga lafiya.

Naku,
Masu gidan bulo da ma'aikatansu, Kano.