Wasiƙar Godiya ga Ofishin Makarantar Karatun Gaba da Digiri

Zuwa ga Shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko, da dukan ma'aikatan ofishinsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Ya aiki, ya kuma fama da mu ɗalibai?

Ranka ya daɗe, yau wata biyu ke nan da na kare kundina na digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, kuma tun ranar nake cewa zan zo in yi godiya baki da baki. Sau biyu ina zuwa, in tarar da layin sababbin ɗalibai har bakin matakala, kowa rungume da fayil, sai in ji nauyin tsare ku da surutu. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kuma in sa inda kowa zai gani. Ƙorafi a kan ofisoshin jami'a ya cika intanet, amma in an yi wa mutum abin kirki sai ka ji shi gum. Yaba kyauta tukwici.

Shekara 11 na yi ina koyarwa a sakandare kafin in dawo aji a matsayin ɗaliba. Abin da ya koro ni kuwa, an ɗora mini aikin malamar ba da shawara don kawai an ga yara suna sakewa da ni. Aka ba ni ɗaki da tebur da kujera biyu. Shekara guda cur ina zaune a ɗakin nan, yaran da suka shigo don kansu ba su kai goma ba, sauran duk turo su aka yi saboda sun yi laifi. Ni kuma abin da na iya shi ne nasiha. Yaro na buɗe baki, kafin ya kai aya na riga na yanke hukuncin abin da ke damunsa, na hau shi da wa'azi.

Duk da haka, ranar da na fara zuwa ofishinku ba wannan fannin na cika a fom ba. Gudanar da makarantu na rubuta, domin shi abokan aikina suke yi in suna neman ƙarin girma. Hajiyar da ke taga ta biyu ta karɓi takarduna tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ta ga takardar naɗin da aka yi mini a makaranta, sai ta ɗago kai ta ce, “Malama, me kike so ki yi da digirin nan in kin samu?” Na fara ba ta amsar da ake ba ofis, ta yi shiru tana kallona. Shirun nan ne ya sa na ci gaba, har na tsinci kaina ina ba ta labarin ɗakin da kujerunsa biyu. Ba ta ce in canza ba, ba ta ce kada in canza ba. Cewa ta yi, “Riƙe fom ɗinki, ba a rufewa sai ƙarshen wata. Je ki ga mai kula da shirin ba da shawara, in kin fito ki dawo ki gaya mini wanne za mu shigar.” Sai da na yi zango guda ina karatu sannan na gane cewa abin da ta yi mini a tsaye a bakin taga shi ne abin da malamanmu suke ta fama su koya mana. A lakcar farko aka ba mu labarin Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba da shawara kan zaɓen sana'a a birnin Boston na Amurka a 1908, yana mai cewa mutum ya fara sanin kansa, ya san aikin da yake hange, sannan ya zauna ya auna ko sun dace da juna. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri.

Babbar godiyata kuma a kan wani abu ne da na yi ta guna-guni a kansa lokacin da kuka fito da shi. A zango na biyu kuka haɗa ɗaliban shirye-shirye uku a kwas ɗaya: mu masu ba da shawara, da masu karatun ƙirƙira a harkar kasuwanci, da masu koyon aikin malanta. Aka raba mu uku-uku, kowane rukuni ya zaɓi matsala ta gaske daga wurin aikin ɗayansu. Muka ce me ya haɗa kifi da kaska? Har da ni cikin waɗanda suka sa hannu a takardar neman a janye kwas ɗin. Kun karɓi takardar, kun kira mu kun saurare mu, kun rage mana rahoto ɗaya daga cikin uku, amma kwas kam kuka ce yana nan.

Abokiyar rukuninmu ta ɓangaren malanta ita ta ja mu ɗakin gwajin koyarwa. Tsari ne da aka fara a Jami'ar Stanford a 1963: malami ya koyar da ɗan gajeren darasi ga mutum kaɗan, a ɗauke shi a bidiyo, a zauna a kalla tare, a yi masa gyara, ya sake koyar da darasin. Na shiga da ƙarfin gwiwa, ni da na shekara 11 riƙe da alli. Da aka kunna bidiyon, sai ta ɗauko wayarta ta buɗe agogo, ta ce za ta ƙirga tsakanin lokacin da na yi tambaya da lokacin da na sake magana. Tambaya tara na yi cikin minti bakwai. Babu ko ɗaya da na jira sakan biyu. A ɗaya ma, saurayin da na tambaya ya ja numfashi, ya ɗaga gira, leɓensa ya fara motsi, ni kuma na riga na juya allo ina rubuta amsar da kaina. Sau uku ta mayar da wurin. Laifi tudu ne, ranar na hango nawa ƙiri-ƙiri. Ta ce kada in damu, wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa yawancin malamai ba sa jiran abin da ya wuce kamar sakan ɗaya, kuma in suka daure suka kai sakan uku, amsoshin yara suna ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara ɗaga hannu. Sakan uku kamar ba komai ba, amma ka gwada tsayawa gaban aji baki rufe ka ji yadda suke da tsawo.

A daidai wannan lokaci muke karanta Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam, wanda a 1957 ya zayyana sharuɗɗan da ke sa zaman shawara ya yi amfani. Uku daga ciki a kan mai ba da shawarar suke: ya kasance ba ya da fuska biyu, ya karɓi mutum ba tare da gindaya masa sharaɗi ba, kuma ya yi ƙoƙarin ganin al'amarin ta idon mai shi. Na haddace su na ci jarrabawa da su, amma bidiyon nan ne ya shigar da su jikina.

Na ukunmu, na ɓangaren kasuwanci, yaro ne a kaina, ƙanin ƙanina ma. Da na kawo matsalar ɗakina sai ya ce, “Anti, kin taɓa tambayar yaran me ya hana su zuwa?” Ban taɓa ba. Ya ce a wurinsu ba a gina kaya tukuna a je neman mai saye, fita ake yi a ji ta bakin mutane, a gwada ƙaramin abu, in ya karɓu a faɗaɗa. Ya kan jawo mana Joseph Schumpeter, masanin tattalin arzikin nan haifaffen daular Ostiriya, wanda ya nuna cewa ƙirƙira ba lalle sai sabon kaya ba, sabuwar hanyar yin aiki ko sabon tsari ma ƙirƙira ce. Muka rubuta tambaya uku a ƴar takarda, ba suna, muka raba wa yara. Amsar da ta fi yawa ta ba ni kunya: ƙofar ɗakina tana kallon ofishin malamin horo. Duk wanda aka ga ya nufi wurin, an san ya yi laifi. Na roƙi a mayar da ni wani lungu kusa da laburare, na rataya akwati mai kwaɗo inda yaro zai jefa takarda ya zaɓi lokacin da zai zo. Cikin mako huɗu na ga yaran da suka fi na shekarar baya duka yawa.

Ba komai na yarda da shi ba, gaskiya. Ya so mu riƙa tattara bayanan yaran a manhaja don a ga irin matsalolin da suka fi yawa, na ce a'a. Yaron da ya zo da kuka ba kwastoma ba ne, sirrinsa amana ce. Mun yi musu sosai, kuma a rahotonmu muka rubuta saɓanin yadda yake. Malamin kwas ɗin ya ce shafin nan ya fi sauran daraja.

Sauran alherinku ba zan iya bin su ɗaya-ɗaya ba. Da malamin da ke duba kundina ya tafi hutun bincike, cikin mako biyu kuka naɗa mini wani, da wasiƙa a rubuce, ban yi yawon bin ofis-ofis ba. Kwamitin ɗa'ar bincike ya dawo mini da takarduna har sau biyu saboda ban tanadi izinin iyaye ga yaran da ba su kai shekara 18 ba. Na ji haushi a lokacin, amma ranar kare kundi tambayar farko da mai jarrabawa na waje ya yi mini ke nan, na miƙa masa fayil ɗin ina murmushi. Sai Baba masinja, wanda ya lura an tura kwafin kundina wani sashe bisa kuskure, ya bi shi da ƙafarsa ya dawo da shi kafin a tashi aiki, da na yi masa godiya ya ce, “Ƴata, ai aikina ne.” Abu ɗaya dai zan roƙa a duba, ranka ya daɗe: shafin rajista yana yawan tsayawa a makon ƙarshe, kuma mu da muke zuwa bayan tashi daga aiki mu muka fi jin jiki. Tagar da kuke bari a buɗe da yamma ita ta cece mu, don Allah kada a rufe ta. Kwas ɗin haɗaka kuma, in wasu sun sake kawo takardar a janye shi, ku nuna musu wannan wasiƙa, ku ce mai ita ma ta taɓa sa hannu.

Abokan aikina biyu suna shirin zuwa sayen fom bana, dukansu sun ce gudanar da makarantu za su cika. Na ce musu su nemi taga ta biyu. Hajiya, in sun zo, don Allah ki yi musu tambayar nan.

Allah ya ƙara wa ofishinku albarka, ya bar zumunci.

Taku,
Ɗaya daga cikin ɗalibanku da suka kammala bana.