Randar da ba ta zufa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin lakwal ne a unguwar Birni, nan Damagaram, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami randa ce, randar gidana.

A bazarar da ta wuce na yi tafiyar kwana goma. Na dawo da azahar, rana tana dukan tsakar ka, na wuce gindin randa na ɗaga faifai na cika moɗa. Kurɓa ɗaya na yi na furzar. Ruwa ɗumi kamar na wankan jego! Da na duba sai na ga randar tana sheƙi, shuɗiya fes. Ashe matar ɗana ce ta gaji da ganin ƙasa jiƙe a gindinta, ta sa aka shafe ta da fenti mai mai. Ta ce, "Baba, yoyo take yi, ga ruwa da tsada." Ban yi faɗa ba, don wanda yake jiran pampo har tsakar dare ko yake biyan ɗan garuwa a garin nan ya san darajar kowane ɗigo. Sai dai wannan yoyon da ta toshe, shi ne aikin randar gaba ɗaya.

Yumɓun da aka gasa yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayan randa, iska ta kwashe shi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma zafin daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗibarsa. Lissafin da nake yi wa ɗalibaina a allo shi ne: lita ɗaya in ta bi iska, zafin da take tafiya da shi ya isa ya sauke kusan lita 58 da digiri goma. Ba duka ne ke amfanar ruwan sha ba, don zafin gari yana ta shigowa, amma ka ga lita ɗayan ba a banza ta tafi ba. Haka jikin mutum yake yi da zufa. Haka salkar Buzaye take yi a rataye a gefen raƙumi.

Shi ya sa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 kuma iska a bushe take ƙamas, randa ta fi nuna bajinta. Da damina ta sauka iska ta cika da laima, sai ka ji ruwan ya yi lami, don iskar ta ƙoshi, ba ta da wurin karɓar wani tururi. Da hunturu kuwa haƙori ma ba ya so.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san wannan duka da hannunta. Ba ta ajiye randa a ƙuryar ɗaki, sai a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan rairayi. In randa ta tsufa ta daina tsattsafo, takan ce ta mutu, ta mayar da ita ta zuba hatsi. Ina yaro ina ganin ɓarna ce. Sai da na girma na gane ƙofofin ne suka toshe da laka da gishirin ruwa.

Wani malami a Jigawa, can Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan sani na iyayenmu ya ƙara masa taki ɗaya. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan miya da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai su kai mako biyu ko fiye. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan. Tukwane biyu da rairayi, Malam Edita, abin da ke kowane lungu a Mirriya, garin masu ginin tukwane kusa da Damagaram! Amma je ka ga masu tumatir da yamma, yadda ake karyar da shi don kada ya kwana.

Ban ce a yar da firigo ba, ni ma ina da shi. Sai dai ranar da kuran ya ɗauke, akwati ne kawai. Kuma randa sanyi take bayarwa, ba ta kashe ƙwayar cuta, don haka a bar yara suna tsoma moɗa har da hannu ba dabara ba ne.

Roƙona ga jaridarku, ku tura wakili wajen matan da ke ginin tukwane a Mirriya, ya tambaye su yadda suke haɗa yumɓun randar ruwa da yadda suke gasa ta, a rubuta da Hausa yaranmu su karanta. Malaman kimiyya kuma su kai randa biyu aji, ɗaya da fenti ɗaya babu, su tsoma ma'aunin zafi yara su gani da idonsu.

Ranar Alhamis na tafi Kasuwar Dole tare da surukar tawa, ita ta ƙwanƙwasa ta zaɓo sabuwa. Shuɗiyar tana nan a madafa cike da gero.

Naku,
Tsohon malamin lakwal,
Birni, Damagaram