In an kawo maka sammaci kan bashin da ba ka ci ba, kar ka gudu

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda mutanenmu ke biyan bashin da ba su ci ba kawai dan tsoron kotu da gudun abin kunya.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta karɓi rance a wani ƙaramin banki ta biya tas, kwatsam sai ga takarda wai akwai saura, an lafta mata ruwa da tara, daga baya sai sammaci. Maigidanta har ya ce a saida keken ɗinkin a biya a huta. Allah ya taimake ta bata goge alat ɗin wayarta ba, rasit ɗin POS kuma suna nan cikin gwangwanin zare wasu har sun fara koɗewa, ta ciro sitatimen ta je gaban alƙali ta ce ita bata yarda da lissafin nan ba su kawo takardar da ta sa hannu. Da aka baje lissafi ashe biya biyu ne ba a shigar ba.

Jama'a, wanda ya ce yana binka shi zai fara kawo hujja, haka dokar shaida ta 2011 ta ce, haka ma shari'ar Musulunci, hujja kan mai da'awa rantsuwa kan wanda ya musa. Amma fa in ka ce ka biya kai ma sai ka nuna, shi ya sa ajiye rasit ba wasa ba ne. Babban ganganci shi ne ƙin zuwa, dan za a iya yanke hukunci a bayan idonka, ka wayi gari an riƙe maka asusu.

A nan Kano tun 2019 akwai kotun ƙananan ƙararraki, mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya, mara ƙarfi kuma ya nemi ofishin Legal Aid, wato hukumar da ke taimaka wa talaka da lauya kyauta. Masu tsorata mutane da 'yan sanda kuwa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi zalla.

Roƙona ga hukumar shari'a a fassara fom ɗin kotunan nan da Hausa, ku kuma jarida ku riƙa kawo lauya yana yi mana bayani.

Naku, mai karatu daga Kano.